Daidaitawa Daban, Ajiya Daban: Abin da Ya Sami Taskar Waƙoƙin Gidanmu



A zamanin nan da wuya a sami gidan da ba shi da taskar sauti, ko da mutanen gidan ba su taɓa kiran ta da wannan suna ba. Wani karatun Alƙur'ani ya tara, wani wa'azi, wani waƙoƙin bege, wani kuwa waƙoƙin makaɗan gargajiya da ya gada daga iyayensa. A da taskar tana cikin kwali a ƙarƙashin gado, yau ta koma cikin salula da kwamfuta, kuma kamfanoni suna ta kiran mu da mu miƙa musu ita su riƙe mana a abin da suke kira girgije. Muna so mu ba ku labarin abin da ya sami tamu taskar, da abin da muka fahimta game da yadda wannan hidima take aiki. Hukuncin kiɗa da waƙa maganar malamai ce, kuma ba ita ta kawo mu ba. Abin da ya dame mu shi ne, duk abin da ya ci waƙa ta wannan hanya zai ci karatu da wa'azi, domin na'ura ba ta bambanta muryar alaramma da ta makaɗi.

Taskarmu daga hannu uku ta taru. Mahaifinmu, Malam, ya daɗe yana sa a ɗauki tafsirinsa na azumi a kaset, haka ma karatun Ishiriniya na daren Mauludi. Kawunmu kuwa direban babbar mota ne da ya shekara da shekaru yana bin hanyar Damagaram zuwa Kano ta Matamaye da Daura, kuma bai cika dawowa ba tare da sabon kaset ba: Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ɗanmaraya Jos, Barmani Coge, ga kuma namu na gida irin su Ɗan Gurmu da Ma'azu Ɗan Alalo da Sa'adu Bori. Yana da wata rakoda da yake ratayawa a kafaɗa, in ya ci karo da wasa a hanya sai ya tsaya ya ɗauka da kansa. Hannu na uku shi ne na babbar yayarmu, wadda tun tana budurwa ta riƙa lallashin kakarmu tana ɗaukar muryarta, tana rera waƙoƙin daka da na niƙa irin waɗanda mata suka daina yi tun da injin niƙa ya shigo unguwa.

Daga shekarar 2013 muka fara juye kaset ɗin cikin kwamfuta. Aiki ne da ba ya son gaggawa, domin kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90 ɗinsa cur, ga ɗaukewar kuran da kan sa a koma farko. Kusan shekara biyu muka yi kafin mu gama da kaset wajen 300. Kafin nan gidan ya watse yadda gidaje kan watse: ɗaya yana aiki a Yamai, ɗaya a Agadas, ɗaya yana karatu a Maroko, ƙanwarmu ta yi aure a Maraɗi. Kowa yana son ya ji muryar Malam da waƙoƙin Kawu a inda yake. Sai muka shiga hidimar wani kamfani, wadda ta yi alkawarin cewa abin da ke cikin kwamfutar gida zai bayyana a salular kowa. Ba za mu ambaci sunan kamfanin ba, domin ba ƙara muka kawo ba, kuma tsarin kusan iri ɗaya ne a wurin yawancinsu.

Kafin mu faɗi abin da ya biyo baya, ya kamata a san mene ne girgijen. Ba a sama yake ba. Manyan kwamfutoci ne jere cikin gine-gine masu faɗin kasuwa, mallakar kamfanoni, a ƙasashen da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba. Wanda ya ce ya sa waƙoƙinsa a girgije, ajiya ya ba baƙo a ɗakin da bai san inda ƙofarsa ta fuskanta ba. Sa'an nan akwai kalmomi biyu da salularmu mai Faransanci take nuna mana, waɗanda mutane da yawa suke ɗauka abu ɗaya ne. Ta farko ita ce sauvegarde, wato ajiya: a kwafi abu a kai shi gefe a bar shi yadda yake, kamar hatsin da aka zuba a rumbu aka liƙe bakinsa. Ta biyu ita ce synchronisation, wato daidaitawa: umarni ne ga na'urori su zama iri ɗaya a kowane lokaci. Abin da aka ƙara a nan za a ƙara a can, abin da aka gyara a nan za a gyara a can, abin da aka share a nan kuma za a share shi a ko'ina. Aikinta aikin madubi ne: in ka sa hula ya sa, in ka cire ya cire, ba ya riƙe maka hular jiya.

Hidimomin waƙa suna da wata dabara a kan wannan. Maimakon su ɗauki duk abin da ke kwamfutarka, wanda zai ci lokaci da kuɗin intanet, sai su gwada kowace waƙa da miliyoyin waƙoƙin da ke rumbunsu. In sun ga ta yi daidai da wata tasu, ba sa ɗaukar taka. Sai su rubuta cewa kana da waƙa kaza, duk sa'ad da ka nema su ba ka tasu. Hanyar gwadawar iri biyu ce. Ko dai a dubi rubutun da ke jikin waƙar, wato sunan mawaƙi da sunan waƙa da tsawonta, ko kuwa na'ura ta saurari sautin ta fitar da wata alama mai kama da zanen yatsa. Hanya ta biyu ta fi inganci, amma ko ita takan ruɗe.

Ɓarna ta farko ta nan ta shigo mana. A cikin kaset ɗin Kawu akwai wanda ya ɗauka da rakodarsa a wani wasan Shata, ana rera Bakandamiya. Ana jin guɗar mata, ana jin ƙahon mota daga nesa, kuma a tsakiyar waƙar maroƙi yana ambaton sunan Kawu da na mahaifinsa sa'ad da ya yi kyauta. Wannan ambato shi ne abin alfaharin Kawu har ya koma ga Mahaliccinsa. Da tsohuwar kwamfutar gida ta mutu, kamar yadda zafi da ƙura kan kashe su, aka sayo sabuwa, sai taskar ta sauko cikinta daga girgije, komai da sunansa a inda aka san shi. Bayan watanni ɗan'uwanmu na Agadas ya kira yana cewa ya saurari waƙar sau uku bai ji sunan Kawu ba. Muka kunna tamu. Sauti tas, babu guɗa, babu ƙaho, babu maroƙi. Bakandamiya ce, muryar Shata ce, amma wani ɗauka ne dabam, irin wanda ake sayarwa a kasuwa. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Ta biyu ta faɗa wa tafsirin Malam. Kowace shekara sunayen iri ɗaya ne: dare na 1, dare na 2, har zuwa daren rufewa. Da tsarin ya ga suna ɗaya da mai murya ɗaya, sai ya ɗauki waɗansu maimaici ne, ya ɗora ɗaya ya bar sauran a tsohuwar kwamfutar da ta mutu. Waɗanda ya ɗora kuma ya haɗe su wuri guda, ta yadda mai sauraro zai bar Malam a cikin suratul Baƙara, dare na gaba ya tarar da shi a ƙissar Annabi Yusufu, da muryar da ta girmi ta jiya da shekara goma. A kan wannan duka ya liƙa hoton wani Bature mai dogon gashi rungume da gita. Malam ya dubi hoton ya ce bai san ya yi wannan ɗalibi ba.

Ta uku ita ce ba ta da dariya. Ranar sunan ɗan fari na ƙanwarmu salularta ta cika, ana son wurin hotuna, sai ta yi abin da kowa ke yi, ta share abin da ta san akwai shi a gida. Daga ciki har da kundin waƙoƙin Kaka. Umarnin ya tafi girgije, daga girgije ya bi kowace salula da kwamfutar gida ya share nasu, cikin biyayya, ba tare da ya tambayi kowa ba. Yawancin waɗannan hidimomi suna riƙe abin da aka share na kwana 30 a wani kwandon shara kafin su kawar da shi gaba ɗaya. Amma waƙoƙin Kaka ba na kullum ba ne, sai an taru da Salla ake kunna su, kuma kafin Sallar ta zo kwana 30 sun wuce sau huɗu.

Da muka zauna lissafi, ceto daga wurare biyu ya zo. Na farko kwalin kaset ɗin nan da ya rage a ɗakin Malam, wanda muka sake juye abin da bai lalace ba daga ciki. Na biyu wani ƙaramin katin memwar da muka cika wa gwaggonmu tun 2015, take sa shi a ƴar rediyonta a ƙauyen da reso ba ya kaiwa. Da yake katin bai taɓa haɗuwa da intanet ba, babu wanda ya daidaita shi da komai. A cikinsa muka sami Bakandamiyar Kawu da guɗarta da maroƙinta, da mafi yawan tafsirin. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma tafsirin shekara biyu ya tafi, kuma cikin waƙoƙin Kaka sama da ashirin, uku kaɗai suka tsira, domin zaren kaset ɗinta ya riga ya manne ya tsinke. Kaka ta rasu, matan da suka san waƙoƙin tare da ita sun rasu, yayarmu kuma amshi kawai take tunawa.

Kada a zaci wannan matsala ce ta mutanen da ba su ƙware da na'ura ba. Ta sami waɗanda suka tashi cikinta a ƙasar da aka ƙera ta. A watan Nuwamba na 2011 kamfanin Apple ya fito da hidimar iTunes Match a Amurka, mai gwada waƙoƙin mutum da na rumbun kamfanin ta ba shi kwafinsu. Da aka buɗe Apple Music a ƙarshen watan Yuni na 2015, ƙorafi ya yi yawa: waƙoƙin da aka ɗauka a gaban taro sun koma na ɗakin ɗaukar sauti, hotuna sun sauya, kundaye sun cakuɗe. A watan Yuli na shekarar, Jim Dalrymple, ɗan jaridar da ya shahara da rubutu kan kayan kamfanin, ya ba da labarin cewa waƙoƙinsa wajen 4,700 sun ɓace, ko da yake daga baya an maido masa da mafi yawansu. A watan Mayu na 2016 wani mai shirya kiɗa a birnin Atlanta ya ce an share masa gigabayit 122 daga kwamfutarsa, har da kiɗan da ya tsara da hannunsa. Kamfanin ya tura masa injiniyoyi har gida, ya ce ya sami irin wannan ƙorafi daga mutane ƙalilan amma bai iya gano musabbabin ba, sa'an nan ya fitar da gyara. Abin da ya ceci mutumin shi ne ajiyar da ya yi a gefe. A 2016 ɗin ne kuma kamfanin ya mai da masu Apple Music kan gwadawa ta hanyar sauraron sauti.

Akwai kuma ranar da mai ɗakin ajiyar kan rufe ɗakin. Hidimar Google Play Music ta ba kowa damar ɗora waƙa har 50,000 kyauta. An rufe ta a ƙarshen 2020, kuma a watan Fabrairu na 2021 aka share abin da masu shi ba su kwashe ba, bayan an yi ta sanarwa. A watan Maris na 2019 shafin Myspace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya musu ma'ajiya, kuma an ƙiyasta sun kai miliyan 50. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu kuwa gemunmu ya fi nasu kusa da wutar, saboda dalilin da ya shafi yadda waƙarmu take. An gina waɗannan hidimomi ne a kan tunanin cewa waƙa abu ɗaya ce tabbatacciya, wadda aka ɗauka sau ɗaya aka buga kwafi miliyan, duk wanda ka samu daidai yake da ɗan'uwansa. Makaɗan Hausa ba haka suke aiki ba. Duk mai sauraron Shata ya san bai cika rera waƙa sau biyu iri ɗaya ba, yakan ƙara ya rage gwargwadon wurin da waɗanda ke zaune, kuma Bakandamiya kanta ɗauka iri-iri gare ta. Haka makaɗan fada, haka masu bege, haka mai tafsirin da ke fassara aya ɗaya shekara talatin, kowace shekara da misalin da zamani ya kawo. Kowane kaset a wurinmu shaidar rana ɗaya ce da ba za ta maimaitu ba. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Abin da ya ɓace daga bakinsu babu mai sake rera shi. Gaskiya ne akwai cibiyoyin da aka kafa don adana irin wannan gado, kamar CELHTO da ke Yamai, wadda tushenta ya koma 1968, amma babu cibiyar da za ta iya bin gida-gida ta ɗauki waƙar niƙan kowace kaka. Wannan amana tana hannun iyalai.

Mu da muka tashi a zauren karatu mun ga yadda magabata suka bi da irin wannan amana. Almajiri in ya kwafi littafin malaminsa, sai an zauna an yi muƙabala, ɗaya yana karanta asali ɗaya yana bin kwafi, kafin a yarda da shi. A ƙarshe mai rubutu yakan sa sunansa da ranar da ya gama. Kuma ba mu taɓa jin an yar da asali don an sami kwafi ba, sai a mai da shi gafaka a rataye. Abin da za mu ba da shawara a kansa bai wuce wannan tsari ba, kayan aikin ne kawai suka sauya.

Na farko, kada a yar da kaset ko faifai don an juye shi. A ajiye shi a tsaye cikin kwalinsa, nesa da rana da danshi da manyan lasifika, domin maganaɗisun da ke cikinsu yana lalata zare.

Na biyu, a ware kwafi ɗaya a matsayin asali, a diski na waje wanda ba a haɗa shi da kowace hidimar daidaitawa, ba a kuma barin sa a jone. In za a juye kaset, a ajiye asalin a tsarin da ba ya rage sauti, wato WAV ko FLAC, sa'an nan a fitar da MP3 don yawo a salula. Awa ɗaya ta WAV mai ingancin faifan CD takan ci megabayit 600 da ƴan kai, ta MP3 ta yau da kullum wajen 60. Kaset 300 masu minti 90 ba za su cika sulusin diski mai terabayit 1 ba.

Na uku, masana ajiya suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gida dabam. Girgije yana iya zama ɗaya daga cikin ukun, kuma yana da amfaninsa, domin gobara ko ambaliya ko ɓarawo in sun shiga gida ba su kai gare shi. Abin gudu shi ne ya zama shi kaɗai. A tuna kuma hidimar haya ce, ranar da aka daina biya ko mai lambar sirri ya rasu bai faɗa wa kowa ba, ƙofa ta rufe. Zanen aro ba ya rufe katara.

Na huɗu, a ba kowane sauti cikakken suna: mai murya, wuri, shekara, da abin da aka taru a kai. «Tafsirin Malam, azumin 1998, dare na 7» ba zai ruɗa na'ura ba, ba zai kuma ruɗa jikoki ba. A rubuta jerin a littafi na takarda a ajiye tare da diskin.

Na biyar, kafin a kunna daidaitawa a kan kowace taska, a tabbata an riga an yi ajiyar gefe. Kuma duk wanda ke cikin asusun iyali, babba da yaro, a sanar da shi cewa sharewa a salularsa tana iya zama sharewa a wurin kowa, domin akwai bambanci tsakanin cire abu daga salula da share shi daga taska, ko da yake rubutun biyun kan zo kusa da juna.

Na shida, a sa rana ɗaya a shekara ta muƙabala. A jona diskin, a kunna waɗansu daga farko da tsakiya da ƙarshe, a saurara da kunne, domin ganin suna a jeri ba ya nuna abin da ke ciki. Diski da katin memwar su ma suna tsufa, balle a zafin ƙasarmu, don haka bayan ƴan shekaru a juye su cikin sabo.

Iyayenmu mata da ke karanta wannan, ko ake karanta muku, ku ne kuka fi sanin inda kwalayen nan suke da muryar wanda ke ciki. Ku sa yara su sauko da su tun kuna iya faɗa musu wane ne ke magana da ranar da aka ɗauka. Matasa kuma da na'ura ke hannunku, ku cika kati ɗaya ku kai wa wata gwaggo a ƙauye ta ajiye.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana.